Yaya zan koya wa 'yan aji biyar karanta giraf ta hanyar auna tsawonsu?

Malamar Aji Biyar:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da iyayen da ke wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Ni malama ce a wata makarantar firamare ta gwamnati a cikin garin Sakkwato, aji biyar nake riƙe da shi, kuma a zangon karatu mai zuwa manhajar lissafi za ta kawo mu kan tattara bayanai da zana giraf, wato zanen da yake nuna alƙaluma da sanduna ko layi. Na daɗe ina lura da cewa yara suna iya kwafe giraf daga allo tsaf, har su shafa masa launi, amma da zarar an tambaye su abin da zanen yake faɗa sai aji ya yi tsit. A ganina dalili shi ne alƙaluman ba nasu ba ne, ba su ga inda aka samo su ba, don haka ba su da wata tambaya a kansu.

Shi ya sa nake son in gina darasin a kan tsawon jikinsu, su auna da hannunsu, su rubuta, su zana, su ga yadda ɗan Adam yake ƙara tsawo tun daga haihuwa har ya tsaya. Sai dai akwai abubuwan da suka tsaya mini a rai. Zango wata uku ne kawai, shin yaro yana ƙara tsawon da tef zai nuna a cikin wannan ɗan lokaci? Ga shi kuma ajina ya haura yara saba'in, akwai 'yar shekara tara, akwai wanda muryarsa ta fara buɗewa. Abin da ya fi damuna shi ne kada darasin ya koma abin tsokana, gajerun yara su riƙa komawa gida da kuka. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya sa wa aikinki albarka. Yaron da ke tsakanin shekara shida da goma yana ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara, ke nan abin da zai ƙara a zango guda bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Wannan kaɗan ne ƙwarai, kuskuren hannun mai awo ma yana iya haɗiye shi. Don haka kada ki rataya darasin duka a kan jiran yaro ya girma. Abin da kike nema yana cikin makarantarku, domin daga aji ɗaya zuwa aji shida girman shekara shida ne yake jere a filin taro kowace safiya.

Ki roƙi hedimastanku ya ba ki yara goma daga kowane aji, maza biyar mata biyar. Kada a bar wa malamin aji zaɓi, domin manya zai turo miki ko waɗanda suka fi kuzari. A ɗauko rajista a riƙa ƙirgawa, duk wanda ya faɗo na bakwai a fito da shi. 'Yan ajinki su kasu rukuni shida, kowane rukuni ya auna aji ɗaya, ya tara awon goma ya raba da goma, ya fitar da matsakaici. Da wannan kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin sun yi tarawa da rabawa a kan abin da ya shafe su.

Kafin a taɓa takarda, ina ba ki shawarar ki fitar da su fili tun da sanyin safiya, kin san ranar Sakkwato ba ta jira. Ki ja dogon layi a ƙasa da toka, ki raba shi gida-gida, ki rubuta 120 zuwa 124, 125 zuwa 129, 130 zuwa 134, haka har ki kai kan mafi tsawo a ajin. Kowane yaro ya je ya tsaya a bayan gidan da awonsa ya faɗa, sahu-sahu. Sai ki riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan benci su kalli 'yan uwansu daga sama. Za su ga sahun tsakiya sun yi tsawo, na gefe biyu sun gajarce, kuma za su gane da idonsu cewa dogon sahu yana nufin yara da yawa, ba dogayen yara ba. A nan ne yawancin yara suke ruɗewa idan an fara da takarda.

Idan an dawo kan awon azuzuwa shida, karan dawa ba ya wuya bayan girbi. A yanka kara shida, kowanne daidai da matsakaicin tsawon aji guda, a jera su a jikin bango. Giraf mai sanduna ke nan a tsaye a gabansu. Daga nan sai a mayar da shi cikin littafin lissafi mai gida-gida, azuzuwa a layin kwance, tsawo a layin tsaye, gida ɗaya a matsayin santimita 10. Ki dage kowa ya rubuta sunan giraf ɗinsa da abin da kowane layi yake aunawa, domin zanen da ba shi da waɗannan ado ne kawai.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Sallama gare ku. Baba Hedimasta ya faɗi gaskiya game da ƙanƙantar ƙarin zango guda, shi ya sa nake son in tsaya a kan awon kansa, tunda aikina ne a sashen awon yara.

Malama, tef ɗin tela ba zai yi miki ba. Yawancinsa santimita 150 ne, kuma kina da yaran da za su wuce haka, yana miƙewa idan ya tsufa, sannan gefensa ɗaya inci ne, yaro yana iya karanta wancan gefen bai sani ba. Ki ari tef na ƙarfe irin na kafinta, ki zana ma'aunin sau ɗaya a kan dogon kwali, ki manna a bangon da ƙasansa siminti ne sumul marar gangara, sifili ya taɓa ƙasa daidai. Yaro ya cire takalmi da hula. Dugadugansa da mazaunansa da kafaɗunsa da ƙeyarsa su taɓa bango, ƙafafu a haɗe, ido yana kallon gaba, kada ya ɗaga haɓa. A ɗora littafi mai kauri a tsakiyar kansa, gefen littafin ya kwanta sosai a jikin bango, a karanta ta ƙarƙashinsa. Rula ko tafin hannu suna karkata, kuma karkatar tana iya kawo santimita biyu na ƙarya. 'Yan mata ki auna su a cikin aji, mata su auna mata, a sassauta ɗankwali, kuma idan kitso ya taru a tsakiyar kai a rubuta hakan a gefen awon. Kowane yaro a auna shi sau biyu, idan bambancin ya wuce rabin santimita a sake na uku.

Lokacin awo ma yana da muhimmanci. Mutum ya fi tsawo da safe, domin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana ɗan matsewa idan an wuni a tsaye, ya sake cika da dare idan an kwanta. Bambancin yakan kai santimita ɗaya ko fiye. Idan kika auna da safe a farkon zango, kika auna da rana a ƙarshensa, giraf zai iya nuna miki yaro bai ƙaru ba alhali ya ƙaru. Wannan kuwa darasi ne mai daɗi da za a gama a yini ɗaya: a auna yara biyar da shigowa, a sake auna su gab da tashi, yara su nemo dalili da kansu.

Ga alƙaluman shekarun da ba ki da su a makaranta. Jariri ana haihuwarsa da tsawon kusan santimita 50, ya kai kusan 75 a shekara ɗaya, 87 a shekara biyu, 96 a uku, 103 a huɗu, 110 a biyar. Daga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 suka fito, wanda aka gina a kan awon yara fiye da 8,000 daga ƙasashe shida, wato Ghana da Indiya da Oman da Norway da Brazil da Amurka, tsakanin 1997 da 2003. Abin da ya fito fili a wancan aiki shi ne yaran da suka sha nonon uwa, suka samu abinci da kulawar lafiya, girmansu a shekaru biyar na farko kusan ɗaya ne ko a wace ƙasa suke.

A nan nake roƙonki ki yi hattara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, wato tsawonsu ya gaza sosai ga shekarunsu, kuma a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Yawancin wannan yana faruwa ne a kwana dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, sakamakon ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan gudawa da zazzaɓi. Ke nan kada ki yi mamaki idan matsakaicin ajinki ya faɗo ƙasa da layin ma'aunin duniya. Yaron da hakan ya shafa ba shi da laifi, uwarsa ma sau da yawa ta yi iyakar abin da hannunta ya kai. Kuma ba kowane gajere ne tsumburarre ba, akwai gado, akwai wanda balagarsa ce ba ta zo ba tukuna. Kada ki yanke wa kowane yaro hukunci daga giraf. Idan kin ga wanda ya rage a baya ƙwarai, ko yana yawan rashin lafiya, ki keɓe da mahaifiyarsa ki ba ta shawarar zuwa asibiti.

Malamin Lissafi na Sakandare:

Assalamu alaikum. Ina tare da Baba Hedimasta a kan tsarinsa, amma da izininsa zan ƙara wani abu da nake ganin shi ne zuciyar darasin. Giraf na azuzuwa shida yana kwatanta yara daban-daban a rana ɗaya, bai bi yaro ɗaya yana girma ba. Waɗannan tambayoyi biyu ne mabambanta, kuma ɗalibai da yawa suna zuwa mana sakandare ba su rarrabe su ba. Idan 'yan aji huɗu na bana suka zo da tsawo ɗaya da 'yan aji biyar, yaro zai iya cewa mutum ba ya girma tsakanin aji huɗu da biyar, alhali wataƙila aji huɗun ne ya tara waɗanda aka sa makaranta a makare. Saboda haka azuzuwa a bar su a sanduna, layi kuwa a ja shi ne idan abu ɗaya ake bi tsawon lokaci.

Bin yaro ɗaya tsohon aiki ne. Wani Bafaranshe mai suna Montbeillard ya riƙa auna ɗansa kusan kowane wata shida daga haihuwarsa a 1759 har 1777, kuma har yau ana koyar da girman ɗan Adam da wannan awo. Ke ma kina iya fara irinsa: kowane yaro ya samu shafi ɗaya da zai bi shi zuwa aji shida, ana ƙara ɗigo ɗaya kowane zango.

Da alƙaluman da Hajiya ma'aikaciyar lafiya ta kawo za ki iya zana giraf biyu daga teburi ɗaya. Na farko tsawo ne a kowace shekara, layinsa yana hawa kullum. Na biyu ƙarin da aka samu ne a kowace shekara, yara su fitar da shi da ɗebewa: 25 a shekarar farko, 12 a ta biyu, 9 a ta uku, 7 a ta huɗu. Wannan layin sauka yake yi. Ki rataya su gefe da gefe ki tambaye su yadda aka yi layi ɗaya yake hawa ɗaya yake sauka, alhali labarin yaro ɗaya suke bayarwa. Wanda ya iya amsa cewa yaron yana ƙara tsawo amma saurin ƙaruwar ne yake raguwa, ya fahimci abin da za mu gina masa a kai har ƙarshen sakandare.

Ga kuma abin da zai ja hankalin 'yan ajinki musamman, tunda shekarunsu ne. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 na 'yan shekara biyar zuwa goma sha tara, matsakaicin namiji a shekara 10 kusan santimita 138 ne, mace 139. A shekara 12 namiji 149, mace 151. A shekara 14 namiji 163, mace 160. A shekara 18 namiji 176, mace 163. Idan aka zana layin maza da na mata a takarda ɗaya za a ga sun gitta juna sau biyu, mata sun wuce gaba wajen shekara goma, maza sun kamo su sun wuce bayan shekara goma sha uku. Dalili shi ne mata suna riga maza shiga saurin girman balaga da kusan shekara biyu, suna kuma riga su tsayawa. Yaron da yake jin kunya don ƙanwarsa ta kere shi zai samu natsuwa daga wannan zane fiye da kowane lallashi.

Idan lokaci ya rage, ki nuna musu cewa tsawon al'umma ma yana sauyawa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2016 ya kwatanta waɗanda aka haifa daga 1896 zuwa 1996 a faɗin duniya, ya gano matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da kusan santimita 20 a cikin ƙarnin, mazan Iran da kusan 16 da rabi, yayin da a wasu ƙasashen Afirka irin su Saliyo da Uganda da Ruwanda matsakaicin tsawon matasa ya ragu a shekarun baya-bayan nan. Jinin mutanen Koriya bai sauya a shekara ɗari ba, abinci da lafiya ne suka sauya. Abu na ƙarshe, layin tsaye na giraf mai sanduna ya fara daga sifili. Idan ya fara daga 120, yaro mai 140 zai fito kamar ya ninka mai 130, kuma yana da kyau ki zana musu wannan da gangan sau ɗaya su ga yadda zane yake iya yaudarar ido.

Mahaifin Ɗalibai daga Runjin Sambo:

Malamai, Allah ya saka da alheri. Ni uba ne, 'ya'yana suna firamare, kuma ina goyon bayan wannan darasi, amma ina da roƙo. Baba Hedimasta, ka gafarce ni, maganar kara ce nake jin tsoronta. A wurare da yawa a ƙasarmu da kara ake auna mamaci kafin a haƙa kabari, kuma idan yaro ya koma gida ya ce an yanka kara daidai tsawonmu a makaranta, akwai kakar da ba za ta yi barci ba a daren nan. Ko da matsakaicin aji ne ba na yaro ɗaya ba, ba haka labarin zai isa gida ba. A yi da kwali ko a zana da alli a bango.

Malama, ki kuma sanar da iyaye tun kafin a fara, ta bakin shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ko a rubuce da Hausa, cewa darasin lissafi ne, ba rajistar wani tallafi ba ce, ba kuma gwajin lafiya ba ne. Game da tsokana, kada sunan kowa ya hau bango. A ba kowane yaro lamba da shi kaɗai ya sani. Tsayawa sahu-sahu a fili kuwa yana nuna gajere a gaban kowa, don haka ina ganin a yi amfani da duwatsu ko marafan kwalba, kowane yaro ya miƙa wa malama nasa ita ta ajiye a gidan da ya dace.

Malamar Aji Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da sanar da iyaye, in yi amfani da kwali da marafan kwalba, in auna azuzuwa shida a makon farko da safe, sannan in buɗe wa kowane yaro shafinsa mai lamba. Giraf biyun nan na Malam daga teburi ɗaya zan ajiye su zuwa tsakiyar zango, lokacin da hannunsu ya faɗa. Saura abu ɗaya. Malam ya nuna cewa aji ba ya wakiltar shekaru, kuma na fi son in sa shekaru a layin kwance, amma da yawa daga cikin yarana abin da aka rubuta musu a rajista kintace ne. Yaya zan yi da wannan?

Ma'aikaciyar Lafiya:

Malama, mu ma da wannan muke fama kullum a wurin awo. Ki fara da neman takarda, ko takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko katin rigakafi, wanda iyaye mata da yawa suke adanawa a ƙasan akwati kuma akwai ranar haihuwa a jikinsa. Idan babu, ki tura yaro ya tambayi mahaifiyarsa abubuwa biyu: a wane lokaci na shekara aka haife shi, damina ko kaka ko hunturu ko bazara, da kuma ko haihuwar ta zo kusa da azumi ko Babbar Sallah ko Mauludi. Tunda watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, haɗa amsoshin biyu yana rage kintace sosai, musamman idan aka ƙara da wani abu da kowa ya tuna, kamar zaɓen watan Maris na 2015, ko aka kwatanta da ɗan maƙwabta mai takarda da aka yi goyonsu tare. Ki kuma tambaya ko da shekarar Hijira aka ƙirga, domin ga ɗan shekara goma sha biyu bambancin lissafin biyu ya haura wata huɗu.

Wanda aka tabbatar da shekarunsa ki sa masa cikakken ɗigo a giraf, wanda aka kintata ki sa masa da'ira marar cika, kuma ki bayyana wa yara dalilin bambancin. Matsakaicin kowace shekara ki fitar da shi daga cikakkun ɗigo kaɗai, idan kuma shekara guda ba ta samu yara biyar ba ki haɗa ta da ta kusa da ita.